Katakon falle-falle na LVL zai iya ɗaukar rufin falo a Sakkwato?

Tambaya: Injiniya, ina gini a Arkilla, har an kai linta. Falona faɗinsa mita 6 ne, tsawonsa mita 8, kuma ba na son ginshiƙi a tsakiya. Ƙanena da ke aiki a Ostareliya ya ce in nemi wani katako da ake kira LVL, wai da shi suke rufi a can kuma ya fi na kasuwa ƙarfi. Da na nuna wa kafintana hotonsa sai ya ce, "Alhaji, wanga ai filawud na, bai ɗaukar komi." Wa ke da gaskiya a cikinsu? Kuma zai jure zafinmu da gara?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya, ya sa a shiga da ƙafar dama. Ƙaninka ya faɗi gaskiya game da ƙarfi. LVL na ainihi zai tsallake mita 6 ba tare da ginshiƙi ba, kuma zafin Sakkwato ba zai yi masa wata babbar illa ba, hasali ma bushewar iskarmu ta fi dacewa da shi fiye da ɗanyen katakon da ake kawo mana daga kudu. Abin da zai kashe shi a nan gara ce, sai kuma ruwa idan aka bari ya kwanta masa. Shi ma kafintanka kada ka yi watsi da maganarsa, domin akwai wani abu mai kama da LVL a ido wanda da gaske ba ya ɗaukar komai, kuma shi ya fi sauƙin samu.

Cikakken sunansa da Turanci laminated veneer lumber, ni kuwa idan ina yi wa ma'aikata bayani katakon falle-falle nake ce masa. Yadda ake yinsa shi ne, ana jiƙa gungumen itace a ruwan zafi ya yi laushi, a ɗora shi a kan inji mai juya shi, wata doguwar wuƙa tana fere shi yana warwarewa kamar bandir ɗin yadi. Fallen da ke fitowa kaurinsa wajen milimita 3 ne. Sai a busar da shi, a tantance mai ƙarfi da mara ƙarfi, a shafa gam, a jera wani kan wani, a matse da zafin da ya haura digiri 130. Abin da ke fitowa dogon faifai ne mai kauri, shi ake tsagawa gwargwadon faɗin da ake so. Har zuwa nan hanyarsu ɗaya da filawud, shi ya sa kafinta ya ga kama. Inda suka rabu shi ne wajen jeri. A filawud, falle ɗaya jijiyarsa ta bi tsawo, na kansa ta gitta, kamar saƙar tabarma, don ana son allo mai faɗi da ba ya kantarewa. A LVL kuwa duk fallayen hanya ɗaya suke bi, kamar damin kara, saboda haka ƙarfin gaba ɗaya ya tattaru a tsawo, inda mai tsallake ɗaki yake buƙatarsa. Akwai wani nau'i da ake gitta kamar kashi ɗaya cikin biyar na fallayen, amma shi na daɓe ne da bango.

Ka je 'yan katako ka ɗaga tu-bai-sikis guda, ka duba idon da ke jikinsa, wato gurbin da reshe ya fito. Idon nan ya ratsa katakon daga wannan fuska zuwa waccan, kuma duk ranar da katakon zai karye, a nan zai karye. LVL mai kaurin milimita 45 falle 15 ne. Idan falle ɗaya yana da ido, zurfin idon milimita 3 ne kacal, sauran 14 da ke gefensa lafiyarsu lau, su ke riƙe masa. An ɗauki aibin itace an yayyanka shi ƙanana an watsa, babu inda ya taru ya zama rauni. Wannan ne duk sirrin abin. A ma'aunin Turai, LVL irin na Kerto da ake yi a Finlan ana lissafa ƙarfinsa wajen lanƙwasa da 44, yayin da zaɓaɓɓen katakon gini da suke kira C24 yake da 24. Wajen taurin da ke hana shi yin ciki kuwa 13,800 ne da 11,000. Ka lura, C24 ɗin nan katako ne da aka gwada aka buga wa hatimi. Namu na kasuwa ba wanda ya gwada shi. A tuli ɗaya za ka sami wanda zai kai jikokinka, ka sami wanda tun a kan amalanke ya fara tsagewa. Ni a matsayina na mai lissafin gini, abin da ya fi burge ni da LVL shi ne na san abin da ke hannuna, na goma daidai yake da na farko.

Dabarar ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Azarar giginya ita kaɗai ba ta tsallake abin da ya wuce wajen ƙafa 6 idan aka ɗora mata nauyin ƙasa. Amma magina na da sukan jera azara wata kan wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure da igiya tamau, a lulluɓe da ƙasa, har a fitar da bakan gizo mai tsallake babban zaure. Da haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma duk wanda ya shiga tsofaffin soraye a nan cikin gari ya ɗaga kai ya ga irin aikin. Ƙananan guntaye a haɗa su su yi aikin babba. Bature ya maye igiya da gam ne kawai. A Amurka wani mai zanen gini, Arthur Troutner, da kamfaninsa Trus Joist na jihar Idaho suka fito da shi kasuwa a farkon shekarun 1970. Finlan ta fara nata a garin Lohja a 1981. A 2011 aka gama wata ƙatuwar rumfa a dandalin birnin Sebil na ƙasar Sifen, Metropol Parasol, da wannan katakon, kuma Sebil na cikin garuruwan da suka fi zafi a Turai, sai dai an lulluɓe katakon da wani shafi mai kauri don kare shi daga rana da ruwa.

Mu dawo falonka. Katakon kasuwa galibi ƙafa 12 ne, wato mita 3.6, don haka ba ya kai mita 6 sai an yi haɗi. Kafinta zai haɗa biyu baki da baki, ya manna guntaye gefe da gefe, ya zuba ƙusa. Yawancin rufin da ake kira na in duba don ya yi ciki, a wannan haɗin nake samun matsalar. LVL ba shi da wannan, domin masana'anta na iya fitar da shi fiye da mita 20, kwantena ce kawai ke taƙaita shi zuwa wajen mita 12. Idan aka jera bim uku, wato manyan katakan da ke tsallake ɗaki su ɗauki rufi, a falon naka, tazarar mita 2 tsakaninsu, kowanne zai ɗauki kamar kilo 200 a kowace mita, idan an haɗa kwano da silin da mutumin da zai hau gyara. Bim mai kaurin milimita 63 da tsayin 300 zai lotsa wajen milimita 17 a tsakiya. Iyakar da muke yarda da ita a mita 6 wajen milimita 20 ce, to ya shiga, amma da ƙyar, kuma katako yana ƙara lotsawa a hankali idan ya shekara da kaya a kansa. Idan aka ɗaga tsayin zuwa 360, lotsawar ta sauko wajen milimita 10. Wannan nake so, musamman idan silin na POP za ka yi, don shi ba ya yafe motsi. Lissafin misali ne na nuna maka girman abin. Tankin ruwa a cikin rufi ko niyyar ɗora bene nan gaba duk za su rushe lissafin, don haka injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, shi zai ga zanen ginin ya sa hannu.

A tsaye ake kafa shi, a kan siririn gefensa. Ina nanata wannan don na ga ma'aikaci ya kwantar da shi a kan faɗinsa, yana cewa ya fi zama daram a kan bango. Ƙarfin bim a tsayinsa yake: ka ninka tsayi biyu, taurinsa ya ninku takwas. Wannan bim ɗin na 63 da 300, idan aka kwantar da shi, lotsawarsa za ta ninka ta tsaye fiye da sau 20. Kuma da yake siriri ne mai tsayi, yana son kifewa gefe idan kaya ya yi masa yawa, saboda haka dole a tokare samansa da katakan rufi, a kuma datse shi a bakin bango kada ya juya.

Nauyinsa wajen kilo 510 ne a kowace kubik mita, kankare kuwa 2,400. Bim ɗin 63 da 300 mai tsawon mita 6.3 bai wuce kilo 60 da ɗoriya ba, buhun siminti ɗaya da 'yan kai, mutum biyu ko uku sun ɗora shi kafin a yi azahar. Bim ɗin kankare da zai yi wannan aikin ya kai tan ɗaya da rabi, ga allunan zubi, ga rodi, ga makonnin jira kafin a cire tokara. Amma rashin nauyin nan yana da nasa hatsari. Kowa a Sakkwato ya san iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas da jan ƙura a watan Mayu ko Yuni, washegari ka tarar da kwanon makaranta a gonar wani. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Bim mara nauyi idan aka aza shi kawai a kan bango, tare da kwanon zai tashi. Langa-langar da ake naɗawa a buga ƙusa biyu ba ta ishe shi ba. A dasa bolti a cikin kankaren da ya zagaye saman bango tun lokacin zubi, a yi wa bim ɗin takalmin ƙarfe a ɗaure shi da noti.

Batun zafi kuwa, gam ɗin da ake yin LVL na gini da shi, wanda ake kira finol, irin wanda ke daskarewa da wuta ne, idan ya kama ba ya sake narkewa. An gasa shi a sama da digiri 130, to zafin ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, ko da ya kai 60 ko 70, ba zai sake shi ba. Shi itacen kansa yana ɗan rage ƙarfi idan ya dawwama cikin irin wannan zafi, shi ya sa nake son a bar ƙofofin iska a rufi, mu kuma mu bar rara a lissafi. Abin da ya fi zafi tasiri a nan shi ne bushewa. Katakon da ke zuwa daga dazukan Ondo da Edo sau da yawa da ruwansa yake isowa, idan ka sa zarto garin da ke fita a jiƙe yake, yana manne wa hannu. A buga shi a rufi a watan Oktoba, hunturu ya shigo, laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, katakon ya bushe a inda yake. Na hau wani rufi a Mabera a watan Fabrairu, wata huɗu da bugawa. Raftocin sun murɗe kamar igiya, kan ƙusoshi ya fito waje har ina iya zare wasu da yatsa, haɗin da aka matse ya buɗe ana hango haske ta ciki. Mai gidan yana ta faɗa da kafinta, alhali aikin kafinta ba laifi, ɗanyen katako aka ba shi. LVL yana barin masana'anta da ruwan da bai wuce kashi 8 zuwa 10 ba. A hunturunmu zai sauka wajen 5 ko 6, tsayin bim na 300 ya ragu da milimita 4 ko 5, tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi, kuma ba ya murɗewa. Idan ya iso, a ajiye shi a inuwa mako biyu ko uku ya saba da iskar gari kafin a kafa, bayan hunturun farko kuma a hau a ƙara ɗaure notuna.

Ruwa ba ya cin gam ɗin, amma yana cin itacen. Daminarmu gajera ce, wata huɗu, sai dai idan ya sauko da ƙarfi yake saukowa. Bim da aka bari a fili fuska ɗaya ta jiƙe ɗaya a bushe zai kumbura ya yi kwarin kwale-kwale, bakinsa da aka yanke kuwa shan ruwa yake kamar lagwani. A ɗora shi a kan guntayen katako nesa da ƙasa, a rufe da leda ta sama a bar iska ta ƙasa. Inda zai zauna a bango a shimfiɗa masa takardar kwalta, kada ya taɓa siminti kai tsaye, a bar tazarar yatsa a gefuna da baya, kada birkila ya cika ramin da kwaɓi. Baranda da ruwa ke bugu, ko ƙarƙashin tanki mai ɗiga, ba wurinsa ba ne.

Sai gara, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka. Abin da ya sa azarar giginya ta shekara ɗari a soro shi ne gara ba ta iya cinta. LVL kuwa da itatuwan ƙasashen sanyi ake yin mafi yawansa, dangin fayin da sifurus, masu laushi, waɗanda ba su da wani ɗaci ko mai da zai kore ta. Mutane suna zaton gam zai hana ta. Ba ya hanawa. Na taɓa ajiye guntun da ya rage daga wani aiki a gindin katanga, a kan ƙasa, da gangan, daga farkon damina zuwa kaka. Da na ɗaga shi, ta waje kamar ba abin da ya same shi, sai jan ƙasa da ta toshe bakinsa. Na sa wuƙa na buɗe, sai ga shi gara ta bi kowane falle ta cinye naman itacen, ta bar layukan gam tsaye sirara kamar ganyen littafi, tsakaninsu cike da ƙasa. Da hannu na marmashe shi. Abin tsoron ke nan: bim na iya zama fanko a ciki fuskarsa tana nan sumul.

Baƙin mai da Solignum da kafintoci ke shafawa a fata suke tsayawa. Ga katakon kasuwa ma kariyar ba ta da zurfi, balle LVL da layukan gam ke tare magani ya hana shi ratsawa. Kariyar da ake dogaro da ita ita ce wadda aka yi a masana'anta, inda ake zuba maganin ƙwari a cikin gam ɗin ko a jiƙa fallayen kafin a manna su, ta yadda kowane falle da maganinsa. Tunda ƙaninka a Ostareliya yake, ka yi sa'a, domin ƙasar gara ce, kuma suna buga hatimin matakin magani a jikin katako. Ka gaya masa ya duba da kyau. Wanda aka rubuta wa H2-S an yarda da shi ne a kudancin ƙasar kawai, kudu da layin Kafirikon, don garar arewacinsu mai zafi ta fi ƙarfinsa. Mu a tsakiyar ƙasar zafi muke, saboda haka ni ba zan karɓi H2-S ba. H2 cikakke shi ne mafi ƙaranci ga abin da ke cikin rufi, H3 kuwa ya ƙara da kariya daga ruɓewa, idan an samu ya fi. Duk inda aka yanke ko aka huda a wurin aiki, a sake shafa magani a bakin.

Ko da hatimin, ginin kansa sai ya taimaka. Gara daga ƙasa take zuwa, kuma ramukan bulo hanya ce gare ta a ɓoye tun daga tushe har linta. Kankaren da ya zagaye saman bango, idan an zuba shi cikakke ba rami, yana tilasta mata fitowa fili ta gina hanyarta ta jan ƙasa inda ido zai gani. A zuba magani a ƙasa kafin daɓe. A kwashe duk guntun katakon zubi da aka binne a cikon ɗakuna, don shi ne abincin da ke fara kiranta. Kuma don Allah a bar ƙofa a silin. Gidaje da yawa ana rufe silin ruf, shekara goma ba wanda ya leƙa. Sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta, a sa yaro ya hau da tocila da sukudireba, ya duba bakin kowane bim, ya ƙwanƙwasa. Mai lafiya ƙara yake da ita tsaf, wanda aka ci kuwa amsawa yake kamar ganga.

Yanzu ga inda kafintanka yake da gaskiya. Ana yin wani LVL mai araha, galibi a Asiya, da itace mai taushi da farin gam, don akwatunan kaya da cikin ƙofofi da katakon gado. Sunansu ɗaya, kamarsu ɗaya a hoto, amma ba a yi shi don ya ɗauki rufi ba, gam ɗinsa kuma laima na sake shi. Na gini yana da hatimi a jikinsa, an buga shi a jere: sunan masana'anta, matakin ƙarfi, da lambar ƙa'idar da aka bi. Na Turai EN 14374, na Ostareliya da Niyu Zilan AS/NZS 4357, na Amurka kuma ana gwada shi bisa ASTM D5456. Ka dubi gefensa, layin gam ɗin finol baƙi-baƙi ne mai ja, kamar ruwan goro da ya bushe, na bogi kuwa fari ne ko ba ya ma ganuwa. Idan kana shakka, yanki guntu kamar akwatin ashana biyu, a jefa a tukunya ya tafasa awa huɗu, a shanya, a sa bakin wuƙa a layin. Na kirki itacen ne zai yage ya bar gam, na banza da kansa zai ɓare falle-falle. Wannan gam kawai ya gwada maka, ƙarfi sai takardar masana'anta. Wanda ba hatimi ba takarda, ko kyauta aka ba ka kada ya hau kan iyalinka.

Shi kuma kafinta akwai abubuwan da hannunsa ya saba da su waɗanda zai bari. Kada ya sare ƙasan bim don ya zauna daidai a bango, domin daga wannan saran yake darewa ya bi tsawo. Mai wayarin kada ya huda inda ya ga dama, ƙananan ramuka ne kawai, a tsakiyar tsayin, nesa da bango, gwargwadon yadda takardar masana'anta ta nuna. Ƙusa a faffaɗar fuska tana kamawa sosai, amma a siririn gefe, inda take shiga tsakanin fallaye, tana iya tsaga shi, sai a ba da tazara ko a fara hudawa. Bim ya hau bango aƙalla santimita 10, ni ba na yarda da ƙasa da haka a kan ginin bulo. Gam ɗin yana dakushe zarto da wuri, ya tanadi mai haƙoran kabaid.

Gobara kuma, tunda yawancinta daga wayar cikin silin take tashi: LVL yana ci, amma a hankali, wajen milimita 0.7 a minti, gawayin da ya yi a waje yana kare na ciki. Cikin rabin awa wuta ta ci santimita 2 a kowace fuska, ka ga bim mai kaurin 63 saura kaɗan. Manna biyu su zama ɗaya mai kauri, ko silin na allon jifsam a ƙasa, yana ƙara lokacin fita. Ƙarfe ba ya ci, amma a wajen digiri 550 zuwa 600 rabin ƙarfinsa ya tafi, sai ya lanƙwashe. Kowanne dai yana son wayarin mai kyau a cikin bututu.

Da gidana ne, ga yadda zan auna. Ban taɓa ganin LVL na gini a jere a 'yan katakonmu ba. Ta ruwa yake zuwa, da dala ake sayensa, a biya kwastan, sannan tirela ta jawo shi fiye da kilomita 1,000 daga Legas. Siminti kuwa ga shi nan a Kalambaina, masu walda da za su haɗa maka tiras na ƙarfe mai tsallake mita 6 suna kowace unguwa, kuma gara ba ta cin ƙarfe. Don bim uku kacal, ɗauko kwantena ba ya biyan kansa. Idan ƙaninka yana da kayan da zai turo dama, aka sami gurbi a ciki, kuma ya samo mai hatimin H2 ko H3 da takardunsa, to ka karɓa da hannu biyu, ka sa shi a falo inda tazara take, sauran ɗakuna masu mita 3 da rabi a yi su da busasshen katakon gida mai magani. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, ka yi ƙarfe ka kwana lafiya. Inda na ga LVL ya fi kowa shi ne ɗora bene a kan tsohon gini da tushensa ba zai ɗauki dekin na kankare ba, da kuma aiki mai yawa iri ɗaya kamar azuzuwa ko masallaci, inda kwantena guda za ta ƙare a wuri ɗaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba abin da ya hana a yi shi a ƙasar nan. Tun shekarun 1940 aka fara fere gungume ana yin filawud a Sapele, ilimin ba sabo ba ne. LVL ba ya buƙatar manyan itatuwan da suka shekara ɗari, ƙananan gungume na itacen shuka sun ishe shi, ga malaina da aka dasa da yawa a dazukan Omo da Oluwa, ga turare da ke girma har a arewa. Giginyar da kakanninmu suka dogara da ita tana shekaru da yawa kafin ta isa sara, ana sare ta ba a dasawa, maɗaci da loko na kirki kuma kullum sai ƙara wuya suke. Duk lokacin da na ga tirelar ɗanyen katako tana sauke kaya, rabinsa zai murɗe kafin shekara, nakan tuna cewa da an fere shi an busar an manna, da gungumen nan ɗaya ya yi aikin biyu.

Kafin ka ce wa ƙaninka ya saya, ka sa ya ɗauko hoton hatimin da ke jikin katakon kusa-kusa, yadda za a karanta kowane harafi, da shafin takardar masana'anta mai jadawalin tazara. Kai kuma ka kai wa injiniyanka zanen rufin, ka nuna masa inda tanki zai zauna, ka gaya masa gaskiya idan kana da niyyar bene. Kuma ka dakatar da birkila kada ya zuba kankaren saman bango tukuna, don boltin da za su riƙe bim a cikinsa za a dasa su.